Ina Bakin Ƙofar Ɗakin Mahaifiyarku

Babban asibitin birni,
Tsakiyar Ostireliya.
Ranar Litinin.

Zuwa ga yayata Delma Nangala, a Adelaide.

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙani ga yayar matarsa, ina roƙon Allah Ubangiji ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Yaya Warren da yara. Allah ya kare ku daga sanyin nan na bakin teku da kike ta kuka da shi, ya ba Warren sauƙin bayansa, ya buɗa wa yara kai a makaranta, amin. In kin tambayi mutanen gida, da sauƙi. Ƙanwarki Lorina ta fara miƙewa daga jego, yaron kuma yana kama nono kamar ɗan maraƙi. Wasu 'yan ƙuraje sun feso masa a tafin ƙafa, an sa shi a allura shi da uwar, shi ya sa ba sa motsawa ko'ina. Ruwan sama ya sauka a ƙauyenmu Rijiyar Yalka irin wanda aka daɗe ba a gani ba, rafi ya cinye hanya, motar kayan kanti ma ba ta shiga, amma daji ya yi kore shar. Kawu Teddy ya ce bana damo zai yi ƙiba har ya kasa komawa raminsa. Ni ma lafiyata lau, in dai lafiyar jiki ake tambaya.

Kin san iyakar karatuna, don haka ki yi haƙuri da rubutun, ki duba abin da ke ciki kawai. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ki barina in kai aya. Kafin in buɗe baki kin riga ni, ni kuma kin san halina, in aka tare ni da magana sai in ce to. Goggo Mavis matar fasto za ta hau bas ɗin yau zuwa wajenku, hannu da hannu za ta ba ki, kuma na roƙe ta ta zauna a falonki har ki gama karantawa. Maganar mahaifiyarku ce, Yaya. Tana nan kwance a ɗaki na ƙarshe a saman bene, likitoci na so su yanke mata ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, kuma duk faɗin asibitin nan ba ta da wani nata sai ni, mijin 'yarta, wanda bai isa ya ɗaga ido ya dube ta ba balle ya yi mata magana. Ga shi nan a dunƙule. Bari in warware miki yadda aka yi aka zo nan, don na lura daga nesa abin ƙarami yake yi miki.

Tun da aka yi rasuwa a gidan su Kawu Teddy suka bar gidan kamar yadda aka saba, suka dawo wajenmu da yaransu da karnukansu. Katifu har baranda, in za ka fita da safe sai ka tsallake mutane. Famfon banɗaki ya mutu tun kafin Kirsimeti, injin wanki kuwa ya zama ɗakin haihuwar karya. Na yi ta zuwa ofishin gidaje har ƙafata ta san hanyar da kanta, kullum amsa ɗaya, wai mai gyara na nan tafe. Mai gyara bai zo ba. Abin da ya zo wata farar mota ce sabuwa fil da mutum biyu a ciki, suka raba mana sabulu, suka manna hoton wani yaro yana wanke hannu yana murmushi. A daidai saman famfon da ba ya kawo ruwa suka manna shi, Yaya, da idona na gani. Kawu Teddy ya bi su har mota yana tambaya wai shin wannan sabulun da miyau ake kumfarsa, ko da hawaye. Suka yi dariya suka daki kafaɗarsa, sun ɗauka wasa yake. Ƙazuwa ta bi gidan kaf, babba da yaro, ba ka jin komai sai ƙarar susa. Tsohuwa mahaifiyarku kuwa ita ke kwana da jikoki, ita ke ba su bargonta. Ta sosa ƙwaurinta har ya fashe, ga ciwon suga, kafin a ce me ya zama gyambo.

Matar Kawu Teddy ta raka ta ɗakin magani. Nas ɗin sabuwa ce, irin waɗanda ake kawo mana su yi 'yan makonni su tafi tun ba su iya sunayenmu ba. Ta ɗaure wurin da bandeji, ta ba da fanadol, ta ce wai a riƙa tsabtace shi. Da wane ruwa, ba ta faɗa ba. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe tsohuwa, tana karkarwa cikin bargo da tsakar rana, ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, ja yana hawa sama. Lorina ta ce mini ta ji uwarta na nishi. Ke ce shaida, matar da ta haife ki a gindin bishiya ba wanda ya ji muryarta. Da aka mayar da ita, ba zan ci haƙƙin nas ba, tana ganin ƙafar fuskarta ta canza, nan take ta kira jirgin likitoci.

A filin jirgi aka yi ɓarnar. Ni ina can nesa jikin shinge, na kawo jakar kaya da Lorina ta haɗa, ina jiran wani ya zo ya karɓa. Mata sun kewaye gadon, jirgi na ruri, matuƙi na nuna hadari yana cewa a yi sauri. Kujerar mai rakiya ɗaya ce. Nas ta duba matan ta ga ba mai jin Turanci sosai, sai ta hango ni, ta san ni a kanti inda nake jera kaya. Ta ƙwala mini kira, wai kai, ba danginta ba ne kai? Na ce danginta ne. Ai ba ƙarya na yi ba. Ta ce to zo ka hau. Mata duka suka sunkuyar da kai. Wa zai buɗe baki a gaban tsohuwa ya faɗi abin da nake gare ta? Faɗin ma kansa abin kunya ne. Matar Kawu Teddy ta ɗan ce ba daidai ba ne, amma a ƙasa-ƙasa ta faɗa, kamar yadda ake faɗin irin wannan magana, ƙarar jirgi ta haɗiye ta. Nas ta kama hannun rigata tana cewa ba lokaci. Tsohuwa ta ja zane ta rufe fuskarta. Haka na hau na kafa goshina a gilashin taga, ban juya ba har muka sauka, wuyana ya yi kwana uku bai koma daidai ba.

Da a ce wani nake rubuta wa, ba sai na yi bayanin doka ba, amma ke na ga alamar tana bukatar tuni. Tun ranar da aka ba ni Lorina ban sake kiran sunan mahaifiyarku ba. In ta shigo kanti ni in fita ta baya, in na ga sawunta a hanya in canza hanya. In na kashe kangaru, wutsiya tata ce, amma ta hannun Lorina take isa gare ta. Ba ƙiyayya ba ce, girma ne wanda babu irinsa, kuma ita ma tana riƙe da nata gefen kamar yadda nake riƙe da nawa. Shekarunmu nawa a gida ɗaya ba mu taɓa haɗa ido ba, ba kuma ta taɓa kwana da yunwa ba ina da rai.

Muna isowa suka wuce da ita ɗakin tiyata suka kwashe ruɓaɓɓen nama, suka sa mata ƙarin ruwa da magani mai ƙarfi. Washegari wata ƙaramar likita ta iske ni zaune a ƙasa a bakin ƙofa, ta tattara rigarta ta zauna kusa da ni, Allah ya saka mata. Ta ce ƙwayar cuta ce ta shiga jini, wadda suke kira sitiref, ita ce dai mai sa yaranmu ciwon maƙogwaro, ita ce mai zama cikin ƙurajen nan masu ruwa da muke gani kullum har mun daina ɗaukarsu ciwo. Ta ce muddin fata na rufe a waje take tsayawa, in fata ta fashe ta samu ƙofa. Na ce ai mun sani, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai na tambaye ta ko ciwon namu ne mu Yapa, 'yan asalin ƙasa, kaɗai. Ta ce a'a, yana kama Turawa, amma su yawanci sai tsofaffi tukuf ko jarirai, mu kuwa 'yan asalin ƙasar nan yana kama mu ninki ba ninki, kuma da ƙarfinmu. Na ce to jininmu ne ba shi da kyau? Ta ce ko kusa, jini ɗaya ne, bambancin a gida yake, cunkoso da rashin ruwa da nisan asibiti. Na ce to don Allah ta rubuta wannan ta aika wa ofishin gidaje. Sai ta dubi takalminta ta ce wai shekaru ke nan ana rubutawa.

Yaya, a nan zuciyata ta tashi, kuma har yau ba ta kwanta ba. Da na ɗauka ba su sani ba ne. Da ba su sani ba, da na yi musu uzuri, don wanda bai sani ba makaho ne. Ashe an sani. An san sunan ƙwayar, an san ƙofar da take bi, an san gidajen da take kwana, ana ƙirga mu muna shigowa a kan gado, ana rubutawa, ana zuwa taro ana karantawa. Akwai jirgin da zai taso ya ɗauki mutum in ya kusa mutuwa, amma babu mai sukurdireba ɗaya da zai zo ya gyara famfo tun mutum na da ƙafafunsa biyu. Ki zo ki bi layin gadajen nan ki duba fuskoki. Akwai wata daga yamma ba ta kai shekarunki ba, yatsunta na hannu sun tafi. Akwai wani da muka taɓa buga ƙwallo da ƙauyensu, yanzu inji ke wanke masa jini. Duk mu ne.

Bature ɗaya na gani da irin ciwon, Tsoho Barry, ɗakinsa na kallon namu. Wayar shinge ce ta karce shi a hannu, ya haura saba'in, gidansa na nan cikin gari, ranar da ya ji zazzaɓi ranar matarsa ta tuƙo shi. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa, shi ke turo mini shayi da biskit. Da ya gane wadda nake gadi, ya yi dariya har da tari, wai yaro ai ka more, shi ya yi shekara talatin yana neman dokar da za ta raba shi da bakin surukarsa bai samu ba, wai in sayar masa da tamu. Na yi murmushi kawai. Abin da na lura da shi daban ne. In likitoci sun shiga wajensa sai su ja kujera su zauna, ya yi musu gardama, ya ce a maimaita, ya ce a zana masa a takarda, su zana. In sun shiga wajen tsohuwa sai su tsaya a ƙarshen gado su ɗaga murya, kamar in an yi wa Turanci ihu zai rikiɗe ya zama yarenmu na Warlpiri, in sun gama su waiwayo ƙofa suna nemana. Barry ya koma gida da hannunsa tun makon jiya, har ya ɗaga mini shi daga cikin mota.

Da farko Allah ya rufa mana asiri da wata tsohuwa a gadon kusa, Goggo Imelda, 'yar kudu ce amma ta taɓa auren mutuminmu, tana jin yarenmu a karkace. Ita ta fara gane abin da ke faruwa, ba wanda ya gaya mata. Sai in tsaya bayan ƙofa, bayana jingine da bango, in yi magana da ita kamar zancen wata can muke yi, ita kuma ta matsa ta sa fuskarta a gaban tsohuwa ta isar. Ba ta taɓa isar da saƙo yadda aka ba ta ba, sai ta zuba barkono. In na ce likita ya ce a ci abinci, sai in ji tana cewa wai likita ya rantse in ba ki cinye ba, zai aure ki, kuma ga shi da sanƙo. Ni kuwa Damo take kirana, wai sarkin haƙuri mai gadin ƙofa, wai da ita ce ke da suruki mai dogon wuya irina da tuni ta nemi a yi wa doka kwaskwarima. A bakinta tsohuwa ta ci abinci, ta bar allurar ruwa a hannunta, har na jiyo dariyarta sau ɗaya. Wata rana Imelda ta leƙo ta ce an ce a gaya wa wancan na waje ya je ya yi wanka ya samu wurin kwanciya, warinsa na hana masu jinya barci. Na fita waje na zauna ƙarƙashin bishiya na daɗe, don na san tausayin tsohuwa ne ke cikin wannan zagin.

Ta bakin Imelda aka fara kai mata maganar ƙafa, ta bakinta kuma amsa ta fito, ki ji ta da kyau don taki ce. Ta ce ƙafar ba tata ba ce ita kaɗai. Ita ce ƙafar da ke taka rawar mata ta ƙasar mahaifinta, kuma ba ta gama damƙa wa 'yarta ta fari wannan rawa da waƙoƙinta ba, saboda 'yar ta tafi bakin teku. Ta ce wuƙa ba za ta taɓa ta ba sai 'yar farin ta zo ta ga ƙafar da idonta, ta taɓa ta da hannunta, ta ji abin da za a gaya mata. In ta gani ta ce a yanke, a yanke. Ba ta ce ba za a yanke ba, Yaya. Cewa ta yi ki zo.

Ranar Alhamis aka sallami Imelda. Na roƙi babbar nas ta bar ta ko kwana kaɗan, ta ce nan asibiti ne ba masauki ba, akwai mai jiran gadon. Tun daga ranar ɗakin ya yi tsit. Na ce a kawo tafinta, suka ce macen da ke jin yarenmu ta tafi zaman makoki, suka turo namiji. Yana zuwa na ga Jungarrayi ne kamar ni, rukunin dangi ɗaya muke, ke nan shi ma suruki ne a wajenta. Bawan Allah ya leƙa, ya ga wadda ke kwance, ya dawo da baya da baya kamar ya taka wuta. Na ji wata nas na gaya wa 'yar uwarta wai mutanen nan ba sa taimakon kansu. Na ce a canza mai rakiya a kawo mace daga gida, suka ce an riga an rubuta sunana, kuma jirgi ba ya tashi don mai lafiya, hanya kuwa ruwa ya cinye. Aka kira Lorina a waya tana kuka, amma kin san kunnuwan tsohuwa, sai ta ga leɓen mutum take ji. Ranar da kika kira ta a waya mai nuna hoto kuwa, kin ga abin da ta yi, ta juya fuska bango. Nas ɗin da ta riƙe wayar ta ce mini ta yi wata magana ɗaya, ta kwaikwaya mini yadda ta ji. Cewa ta yi 'yarta ba ta zama cikin gilashi.

Shekaranjiya Asabar da hantsi ta fizge allurar ruwa, ta sauko daga gado da wannan ƙafar, ta dafa bango ta nufo ƙofa. Ina zaune na ga inuwarta ta riga ta fitowa. Kin san me na yi? Abin da jikina ya saba yi, na juya fuskata ga bango. Ina juye nake ƙwala wa nas-nas kira, ina jin numfashinta ta wuce ta bayana, kusa har zanenta ya taɓa dugadugina. Ta kai bakin matakala ta faɗi. Jin faɗuwar na yi, ban gani ba. Suka ɗauke ta suka mayar, suka ce zazzaɓi ya taɓa mata hankali. Ƙarya ne, hankalinta ya fi nasu. Ta san ina kwana a ƙasa saboda ita, ta san matata na jego ba ni kusa, ta san ba hanyar da za ta ce mini in tafi. Tafiya ta tashi yi don ta sallame ni.

Jiya babban likitan tiyata ya kira ni. Ya ce maganin ya danne ƙwayar da ke cikin jini, amma ƙafar ta riga ta mutu daga yatsu, baƙin yana hawa, in aka bar ta ciwon zai koma jini ya kama ƙoda, kuma karo na biyu ba lalle su iya riƙo ta ba. Ya ce zai iya jira zuwa safiyar Juma'a, bayan nan ba ya ɗaukar alkawari. Sai ya turo mini takarda da biro, wai tun da ba ta cikin hayyacinta, ni ne nata na kusa, in sa hannu. Ni, Yaya. Ni da ban taɓa miƙa mata kofin ruwa hannu da hannu ba, ni zan sa hannu a yanke mata ƙafa tana cikin hankalinta, bayan na ji sharaɗin da ta kafa? Na tura masa takardarsa. Ya ce in yi tunani, wai al'ada ba ta fi rai ba. Na so in tambaye shi inda wannan son ran namu yake lokacin da nake safa da marwa a ofishin gidaje, amma na haɗiye, don bai san famfonmu ba, kuma wuƙar na hannunsa.

Yanzu na zo kanki. Na karanta saƙonki na waya har na haddace. Wai zamani ya canza, wai in shiga kawai in yi mata magana ba abin da zai faru, wai wurin aiki ba za su ba ki hutu ba, wai kina addu'a. Yaya Delma, ke ce kika rubuta wannan? Ke da kika ja kunnena a gaban mutane lokacin ina neman Lorina, don kawai na bi ta bayan inuwar da mahaifiyarku ke zaune, kika ce in ban iya tafiya ba in koma gidanmu a koya mini? Nas ɗin filin jirgi ba ta sani ba. Likitan tiyata bai sani ba. Ke kin sani, shi ya sa haushinki ya fi nasu ci mini rai. In zamani ya canza a Adelaide, bai canza ba a kan gadon nan, matar da ke kwance ta gwammace ta faɗi a matakala da ta haɗa ido da ni. Ban raina aikinki ba, na san da shi kike riƙe gida tun da bayan Warren ya lalace, na kuma san abin da ya shiga tsakaninki da tsohuwa ranar da kika tafi, ban manta ba, amma ba ranar wannan ba ce. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Addu'a muna so, amma zumunci a ƙafa yake, kuma ke naki biyun lafiyarsu lau. Kada ki ce kuɗin mota, coci ta ɗauka, Goggo Mavis za ta yi miki bayani.

Ga abin da na yanke, kuma ban gaya wa Lorina ba tukuna. In bas ɗin Alhamis ya iso ba ki ciki, ranar Juma'a da safe zan shiga ɗakin. Zan tsaya a inda za ta ga bakina, in dube ta, in gaya mata da yarenmu abin da likita ya ce, in roƙe ta ta yarda. Ba zan zauna ina gadin mutuncina ba har a fito da ita a rufe. Na san abin da zai biyo baya, na juya shi ta kowane gefe. Mai yiwuwa kunya ta sa ta ce to don in fita daga gabanta, ta rayu, amma ba za mu sake zama gida ɗaya ba, ɗayanmu sai ya bar Rijiyar Yalka, kuma ba mai ƙafa ɗaya za a tayar ba. Ni zan kwashi Lorina da jariri mu dawo gefen gari, 'yan uwanta maza kuma su yi mini abin da doka ta ba su, ba zan ɗaga hannu ba. Mai yiwuwa kuma ta ja bargo ta rufe kai, daga nan ba ta ƙara amsa wa kowa, in rasa mutuncin in rasa ta. Ban san wanne zai faru ba. Abin da na sani, in kin zo ba ɗaya da zai faru. Za ki zauna a bakin gadon uwarki, ki ɗaga zane ki duba, ta gaya miki abin da take ta ajiye miki, ki faɗi kalma ɗaya. Ni kuma in koma wurina a bayan ƙofa.

Ki gaishe mini da Yaya Warren, ki ce masa na san zai iya riƙe yara na 'yan kwanaki, ba jarirai ba ne. Ki gaishe da Shania da Tyrell da ƙaramarsu Bethany, ki gaya musu sun yi sabon ƙane mai ƙarar murya. Kawu Teddy da matarsa suna gaishe ki, Lorina ma ta ce in gaishe ki, sauran abin da ta ce ba zan rubuta ba. Ki ba Goggo Mavis shayi mai zafi, tafiyar na da tsawo ga mai shekarunta. In za ki taho ki riƙo bargo mai laushi da man shafawa, sanyin na'urar ɗakin nan ya busar da kowa, kuma na ji nas na cewa fatar bayanta ta fara tsagewa.

Saura gaisuwa ɗaya, wadda ba ni da bakin isar da ita. In Allah ya kawo ki kin shiga, ki gaya wa mahaifiyarku mijin 'yarta yana gaishe ta da jiki.

Ni ne ƙaninki,
Alwyn Jungarrayi.